Filin Mata: Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

Wannan makon zancenmu a kan ido ne, kuma dalilin da ya sa na ɗauko shi wani abu ne da ya faru a unguwarmu, wanda na gani da idona.

Akwai wata maƙwabciyata, yarinya ce mai 'ya'ya biyu, sana'arta ɗinkin hula. Ran nan da safe ta tashi da idonta na hagu ja wur, yana zubar da hawaye. Kowa ya leƙo sai ya ce, "Af, afolo ne, kwana uku ya wuce." Wata ta ce a ɗiga nono, wata ta ce ruwan sukari, uwar mijinta kuwa ta kawo kwalli. Duk aka yi, ido bai saurara ba. Sai maigidanta ya biya ta wani kemis ya sayo ɗan kwalbar maganin ɗigawa. Kwana biyu ja ya ragu, ta ce alhamdu lillahi, ta jefa kwalba cikin kwalla ta koma kan hularta. Ba a yi mako ba ciwo ya dawo, ya fi na da. Ta rufe tagogi ta zauna cikin duhu, ko hasken fitila ba ta so, zaren allura kuwa ya gagare ta.

Sai da aka yi mako uku kāna aka kai ta asibitin ido. Da likita ya duba, ya ce ba afolo ba ne, kumburi ne a can cikin ido, har ƙofar idon ta fara mannewa da abin da ke bayanta. Ya ce da an zo a makon farko, da aikin ya zo da sauƙi. Allah ya taimake ta, bayan wata biyu tana shan wahalar magani ta koma ɗinki, amma har yau in ka dubi tsakiyar idon nan da kyau za ka ga bai zagaye sosai ba, ya ɗan karkace. Wannan tabon jinkiri ne, kuma da shi za ta zauna.

YADDA IDO YAKE

Domin mu gane ciwon, sai mu fara sanin ginin ido. Ku ɗauki madubi ku duba. Akwai farin ido, akwai kuma baƙin ido. Gaban baƙin idon nan akwai wata fata garau kamar gilashi, ita ce tagar ido. Bayan tagar akwai wani labule mai launi, namu baƙi ne ko ruwan ƙasa, na waɗansu Turawa shuɗi. A tsakiyar labulen akwai 'yar ƙofa zagayayya inda haske ke shiga. In rana ta yi ƙarfi labulen ya tsuke ƙofar, in duhu ya yi ya buɗe ta. Bayan ƙofar kuma ga madubin ido, wanda shi ne kan yi yana in mutum ya tsufa. Tsakanin taga da labule akwai wani ruwa tsarkakakke, kullum ana yin sabo, tsohon yana fita ta waɗansu 'yan magudanai.

Labulen nan, da naman da ke bayansa mai yin ruwan, da wata shimfiɗa mai yawan jijiyoyin jini da ta zagaya cikin ido, su ukun likitoci suka haɗa suka kira su "yubiya", daga kalmar Latin mai nufin 'ya'yan inabi, don masanan da suka fara feɗe ido sun ga abin ya yi kama da fatar baƙin inabi. Kumburin wannan wuri shi ne "yubiyaitis". Wanda ya fi yawa shi ne na gaba, watau wanda ke kama labulen da abin da ke kusa da shi, kuma shi ne ya sami maƙwabciyata. Mu sai mu ce masa kumburin cikin ido.

BAMBANCINSA DA AFOLO

Afolo ciwon bisa-bisa ne, yana kama siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido. An fara ganin annobarsa a ƙasar Gana cikin 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, shi ya sa sunan ya bi shi har yau. Yana yaɗuwa kamar wutar daji, in ya shiga gida sai ya zagaya kowa. Yakan kama ido biyu, fatar ido ta kumbura, ka ji kamar an zuba maka yashi, ga kwantsa. Amma in an share kwantsar, mutum yana gani sarai, kuma cikin mako ɗaya ko biyu yakan tafi da kansa.

Kumburin cikin ido kuwa ba a ɗaukarsa daga wani. Galibi ido ɗaya yake kamawa. Ga alamunsa, ku riƙe su da kyau:

Na ɗaya, zafi mai zurfi kamar ana danna ƙwayar idon daga ciki, har ya hau goshi da gefen kai. Na biyu, ƙin haske, mutum ya riƙa runtse ido yana neman duhu. Na uku, gani ya dushe kamar ana kallo cikin hazo, kuma ko an wanke ido bai washe ba. Na huɗu, jan ya fi tsanani a kewayen baƙin ido, kamar an yi masa zobe. Na biyar, hawaye ne ke zuba, ba kwantsa mai kauri. Na shida, 'yar ƙofar nan ta tsakiya takan tsuke ta fi ta ɗayan idon ƙanƙanta, ko ta karkace.

Akwai wata 'yar dabara kuma. A rufe idon mai ciwo da tafin hannu, a haska tocila a ido mai lafiya. In zafi ya tashi a idon da aka rufe, alama ce mai ƙarfi cewa labulen ya kumbura, gama labulen idanun biyu tare suke motsi, in ɗaya ya tsuke ɗayan ma sai ya tsuke. To, amma ko an gwada ba a ji kome ba, muddin akwai zafi da dushewar gani, asibiti ne magana, kuma a ranar ko washegari.

Dalilin gaggawar shi ne wannan. Labulen da ya kumbura yana yin danƙo, sai ya manne da madubin da ke bayansa. In ya manne kewaye duka, ruwan ido ba shi da hanyar wucewa, sai ya taru ya matse jijiyar gani, abin da ake kira hawan jinin ido ke nan, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Kumburin da ya daɗe yana kuma jawo yana tun mutum bai tsufa ba, yana iya sa ruwa ya taru a tsakiyar shimfiɗar gani ta can baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ME KE KAWO SHI?

Sau da yawa likita zai bincika iyakar bincike bai sami dalili ba, ya yi magani, ido ya warke. Kada wannan ya ba ku tsoro, haka abin yake a duniya duka. Inda aka sami dalili kuwa, kashi biyu ne.

Kashi na farko, dakarun jikin mutum, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta, su ne kan ruɗe su juya su far wa idon mai su. A 1973 wani likita a London mai suna Derek Brewerton da abokan aikinsa suka gano cewa masu wata alama ta gado a jininsu, wadda ake kira HLA-B27, sun fi sauran mutane kamuwa da wannan ciwon, da kuma wani ciwon baya mai sandarar da ƙashin gadon baya. A ƙasashen Turai wajen rabin masu kumburin da ke zuwa farat ɗaya suna da alamar nan. A Afirka ta Yamma ba ta da yawa. Duk da haka, wadda take fama da ciwon ƙugu mai tsanani da asuba, wanda sai ta motsa jiki yake saki, ta gaya wa likitan ido, don abin yana da dangantaka.

Kashi na biyu ƙwayoyin cuta ne, kuma a ƙasashenmu likitoci suna sa ido a kansu ƙwarai. Akwai tarin fuka, akwai tunjere, akwai kuturta. Akwai ƙwayar ƙarambau, wadda kan kwanta cikin jiki shekara da shekaru, sa'an nan ta tashi da ƙuraje masu zafi a gefe ɗaya na goshi, ta gangaro ido. Akwai kuma tsutsar da baƙin ƙuda na bakin kogi ke sa wa mutane, mai kawo ƙaiƙayi da makanta. Wannan ta ragu sosai tun da aka fara raba maganin Mectizan kyauta a 1987, har a watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da cutar daga ƙasarta, ita ce ta fari a Afirka. Bugu a ido ma, ko na dutse ko na hannu, yana iya tayar da kumburin.

Saboda haka in likita ya ce a ɗebi jini, ko a ɗauki hoton ƙirji, kada ku ce, "Ni da na zo da ido, me ya haɗa ni da ƙirji?" Tushen yake nema. Kuma in ya yi tambayar da ta shafi zaman aure, a ba shi amsa ta gaskiya, don tunjere tana warkewa da allurar fenisilin, amma sai an san da ita, kuma sai an yi wa mata da miji tare.

A ASIBITI

Likita zai zaunar da ke gaban wata na'ura, ki ɗora haɓarki, ya haska wani siririn haske cikin idon yana dubawa ta madubin ƙara girma. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Allvar Gullstrand, shi ya ƙago fitilar nan a 1911. Kun san yadda hasken rana ke shigowa ɗaki ta ɓular taga, a ga ƙura tana yawo cikinsa? Haka likita ke ganin 'yan ƙwayoyin kumburi suna iyo cikin ruwan ido, har ya ƙidaya su ya san ƙarfin ciwon. Zai kuma auna ƙarfin ruwan idon, ya buɗe ƙofar ya leƙa can baya. Babu zafi cikin wannan duka. Ana samun irin wannan na'ura a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sashen ido na manyan asibitocin koyarwa da na jihohi. Wadda take ƙauye ta fara zuwa asibitin da ke kusa ta roƙi takardar turawa.

Magani iri biyu ne galibi, duka na ɗigawa. Na farko mai kashe kumburi ne, daga dangin da ake kira sitiroyid, kamar firednisolon. Da fari likita yana iya cewa a ɗiga kowace awa, sa'an nan ya riƙa ragewa mako-mako, har a yi wajen mako shida ko fiye. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne dainawa da zarar ja ya tafi. Wutar da aka rufe da toka ba ta mutu ba. Wadda ta daina farat ɗaya, kumburin zai dawo mata, kamar yadda ya yi wa maƙwabciyata.

Na biyu mai buɗe ƙofar ido ne, kamar atirofin ko saikulofentolet. Yana hutar da labulen, zafi ya sauka, yana kuma janye shi daga madubi don kada su manne, wani lokaci har ya ɓamɓare mannewar da ba ta daɗe ba. Amma fa ku sani, muddin ana sa shi gani na kusa zai dushe, karatu da ɗinki da tsintar shinkafa za su yi wuya, rana kuma za ta dame ki. Wannan aikin maganin ne, kada ki ce ya ɓata miki ido ki yar da shi. Baƙin tabarau yana taimakawa. Atirofin dangin dafin da ke cikin zaƙami ne, wanda ake ce wa haukata-yaro, saboda haka a ɓoye kwalbar inda yara ba za su kai ba, kuma kada wata ta ji haka ta ce za ta matsa zaƙami a ido, likitoci awo suke yi daidai wa daida.

Ga yadda ake ɗigawa. A wanke hannu da sabulu. A girgiza kwalbar in mai farin ruwa ce kamar madara. A ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya, kada bakin kwalba ya taɓa ido. A rufe ido, a danna lungun da ke kusa da hanci da yatsa kamar minti ɗaya ko biyu. In magani biyu ne, a bar minti biyar tsakaninsu. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. In azumi ya zo ana cikin magani, a tambayi likita a tambayi malami, kada a yanke wa kai hukuncin dainawa.

HAƊARIN SAYEN MAGANI A KEMIS

Watakila wata ta ce, tun da an faɗi sunan maganin, me zai hana in aika a sayo? Ki tsaya ki ji. Sitiroyid wuƙa ce mai kaifi biyu. In jan idon daga gyambo ne a tagar ido, irin wanda ke samun mutane lokacin girbi in ganyen gero ko ƙaiƙayi ya soki ido, to sitiroyid zai ƙara wa cutar ƙarfi, taga ta ruɓe, a ƙare da hakiya ko a rasa idon ɗungum. Ban da wannan, wajen mutum ɗaya cikin uku ƙarfin ruwan idonsa yana hawa in ya yi makonni yana sa maganin, kuma ba zai ji a jikinsa ba, sai an auna. Daɗewa a kansa yana kawo yana. Shi ya sa likita ke cewa a dawo ranar kaza, kuma dawowar nan rabin magani ce.

Nono da ruwan sukari da ruwan albasa da tsime-tsimen ganye ba su kai inda kumburin yake, sai dai su shigar da ƙazanta. Fitsari kuwa, wanda har yanzu waɗansu ke wanke ido da shi, yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda ke huda tagar ido cikin 'yan kwanaki. Kwalli ma a ajiye tandu sai ido ya warke.

WANDA BA YA JA, BA YA ZAFI

Iyaye mata, ga wadda ta fi damuna. Akwai wani amosanin gaɓɓai da ke kama yara ƙanana, ya fi yawa ga 'yan mata, sau da yawa tun ba su kai shekara shida ba. Gwiwa ko idon sawu ya kumbura ya wuce mako shida, yarinya ta riƙa ɗingishi da safe. Waɗansu daga cikin yaran nan kumburin cikin ido yana kama su a ɓoye, ido fari tas, ba zafi, ba hawaye, yarinya tana wasanta. Sai an ga fari a tsakiyar idon, ko malamar makaranta ta ce ba ta ganin allo, sa'an nan a farga, alhali ɓarna ta riga ta yi nisa. Domin haka likitoci suka ce yaron da aka tabbatar yana da wannan amosani a riƙa kai shi awon ido a kai a kai, waɗansu duk wata uku, ko da idon lafiya lau yake a ganinmu.

INDA BINCIKE YA KAI

A zamanin da, abin da likita ke da shi kaɗan ne: atirofin, da gashi da ruwan ɗumi, da ɗaki mai duhu. Har akan yi wa mutum allura don a sa masa zazzaɓi da gangan, da fatan kumburin ya sauka. A 1948 Dokta Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya gwada wani sabon magani, kotizon, a kan wata mata mai ciwon gaɓɓai, ta miƙe ta yi tafiya. Shi da waɗansu masana biyu suka sami kyautar Nobel a 1950, kuma a daidai lokacin likitocin ido suka fara amfani da shi. Maganin ɗigawar da muke da shi yau jikan wannan ne.

Ga waɗanda ciwonsu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai magungunan da ke lallashin dakarun jiki, kamar metotireksat. A 2017 likitocin Ingila suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi da yara 90 masu amosanin nan da kumburin ido. Dukansu suna shan metotireksat, aka ƙara wa 60 wata allura mai suna adalimumab, 30 kuwa aka yi musu allurar da ba magani a ciki. Cikin 60 ɗin, 16 ne magani ya kāsa musu, cikin 30 kuwa har 18. Da aka ga bambancin ya fito fili haka, sai aka tsai da gwajin tun lokacinsa bai cika ba. Allurar tana da tsada, kuma dole a binciki tarin fuka kafin a fara ta, gama tana iya tayar da wanda ya kwanta.

Annobar Ebola ta 2014 ma ta koya wa likitoci wani abu. Wani likita Ba'amurke, Ian Crozier, ya kamu da ita yana aiki a Kenema ta ƙasar Saliyo, ya warke, jininsa ya wanke. Bayan mako tara sai aka sami ƙwayar cutar da ranta cikin ruwan idonsa na hagu, wanda ya kumbura har launinsa ya juya daga shuɗi zuwa kore. A hawayensa ba a same ta ba. Daga nan aka ƙara gane cewa cuta tana iya laɓewa cikin ido bayan ta bar jini, aka kuma shiga duba idanun waɗanda suka tsira daga annobar.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ku ne idon gidajenku. In kun karanta wannan, ku karanta wa iyayenku da kakanninku waɗanda ba su yi boko ba. In an ba Inna magani, ku rubuta mata lokutan ɗigawa a takarda ku manna a bango, ku riƙa tuna mata ranar komawa asibiti. A makarantar kwana, in ƙawarki ta rufe fuska da mayafi tana gudun haske, ido ɗaya ja, kada ku tsaya yi mata dariyar afolo, ku raka ta wurin malamar jinya. Kuma ku sani ciwon nan yakan dawo wa waɗansu bayan watanni ko shekaru. Wadda ta taɓa yi ta adana katinta na asibiti, in ta ji alamar ta koma wurin likita nan da nan, kada ta ɗauko tsohuwar kwalba.

Ku kuma matan gida, ku yi wa masu gidajenku bayani da lalama, su san kuɗin motar zuwa asibiti a makon farko ya fi sauƙi bisa kuɗin aikin ido daga baya. Maigidan maƙwabciyata yanzu shi ne ke gaya wa abokansa haka a majalisa.

Allah ya kiyaye mana ganinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Yayarku ta Filin Mata